CIWON DA YA ƘI JIN ƘWAYA: DARASI DAGA 'YAN MAZAN JIYAN AMURKA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan uwa ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na matasa. Ganin muhimmancinsa ya sa muka kawo muku shi baki ɗaya. A sha karatu lafiya.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 

Bayan haka, abin da aka nemi in yi magana a kai yau shi ne ciwo mai naci, wato irin raɗaɗin da yake zaunar wa mutum wata da watanni, ko shekara da shekaru, da kuma yadda ake jinyarsa ba tare da dogaro da ƙwaya ba. Zan ɗauki misalina ne daga tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda a Hausa muke ce wa 'yan mazan jiya. Dalili kuwa shi ne, suna cikin mutanen da aka gwada hanyoyin biyu a jikinsu. An ɗura musu ƙwaya har ta kashe da yawa daga cikinsu, sannan aka dawo aka gwada wata hanyar, aka kuma rubuta sakamakon kowacce da alƙaluma. To tunda an riga an biya kuɗin wannan karatu da rayuka, mu namu shi ne mu karanta.

MENE NE CIWO MAI NACI?

Da farko ya kamata mu bambance ciwo iri biyu. Akwai ciwon nan take, kamar ka taka ƙusa, ko ka ƙone, ko ka karye. Wannan rahama ce, domin shi ne yake ce maka ɗage ƙafarka, je ka nemi magani. Idan rauni ya warke shi ma sai ya tafi. Na biyu shi ne wanda ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa. Wannan ne likitoci suke kira mai naci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matsayin lalura mai zaman kanta a sabon kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a Janairun 2022.

To me ya sa soja? Ku duba rayuwarsa. Sojan ƙasa a Iraƙi ko Afganistan yakan ɗauki kayan da wani lokaci suka wuce kilo 40, ga sulke, ga bindiga, ga harsasai, ga ruwa, ya yi ta hawa dutse da su wata da watanni. Ga dirowa daga mota, ga girgizar nakiya. Sai ya dawo gida yana ɗan shekara 25 amma gadon bayansa da gwiwoyinsa na tsoho ne. Wani bincike da aka fitar a 2017, wanda aka gina a kan ƙididdigar lafiya ta ƙasar daga 2010 zuwa 2014, ya nuna kusan kashi 65 cikin 100 na tsofaffin sojoji sun yi fama da ciwo a cikin wata 3 kafin a tambaye su, kuma kashi 9 cikin 100 ciwon nasu mai tsanani ne, alhali a farar hula kashi 6 ne. Ga kuma firgicin yaƙi da yake bin da yawansu har cikin barci, wanda shi da ciwon jiki kowanne yana rura wutar ɗan uwansa.

YADDA AKA GUDU BA A TSIRA BA

A shekarar 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da wata ƙwaya mai suna OxyContin. Dangin ofiyom ce, wato 'yar gida ɗaya da mofin da kodin da tiramol ɗin nan da kuka sani. Aka yi ta tallarta ga likitoci da cewa ba ta cika kama mutum ba. A 1999 kuma Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka ta ce daga yanzu duk majinyacin da ya zo asibitinta a tambaye shi ƙarfin ciwonsa daga 0 zuwa 10, kamar yadda ake auna zafin jiki da bugun jini. Niyyar mai kyau ce, kada a bar mutum yana shan azaba. Amma idan mutum ya ce 8, likita kuma yana da 'yan mintoci kaɗan, ga layi a waje, abin da ya fi sauƙi shi ne ya ɗauki biro ya rubuta ƙwaya.

A 2007 kamfanin ya amsa laifi a kotu cewa ya yaudari jama'a game da haɗarin ƙwayar, aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600. Amma aikin gama ya riga ya gama. Wani bincike da aka buga a 2011 ya gano cewa majinyatan asibitocin tsofaffin sojoji suna mutuwa ta hanyar shan magani fiye da ƙima bisa kuskure kusan ninki biyu na sauran jama'a. A shekarar 2012 kaɗai, tsofaffin sojoji sama da 679,000 ne ma'aikatar take ba irin waɗannan ƙwayoyi. Akwai wani asibitinsu a garin Tomah na jihar Wisconsin da majinyata suka laƙaba wa suna garin alewa, saboda yadda ake rabon ƙwaya. A nan ne wani tsohon soja mai shekara 35, Jason Simcakoski, ya mutu a watan Agustan 2014 yana kwance a asibitin, sakamakon haɗuwar magunguna sama da 10 da aka ɗora shi a kai. Iyalansa suka tashi tsaye, har aka yi doka da sunansa a 2016 wadda ta tsananta ƙa'idar rubuta waɗannan ƙwayoyi.

Wani zai ce, to ai duk da haɗarin, ƙwayar tana aiki. Wannan ma an gwada. Wata likita mai suna Erin Krebs a asibitin tsofaffin sojoji na Minneapolis ta ɗauki majinyata 240 masu ciwon baya ko na gwiwa ko na ƙugu, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su dangin ofiyom, rabi aka ba su magungunan da ba su ba, irin su farasitamol da makamantansa. Aka bi su shekara guda cur. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna masu shan ofiyom ba su fi sauran iya harkokinsu ba ko kaɗan, ciwon ma ya ɗan fi sauƙi a wajen waɗanda ba su sha ba, illolin magani kuma sun fi yawa a wajen masu sha. Dalili shi ne jiki yana sabawa da ita, abin da guda ɗaya take yi yau sai biyu gobe, kuma a wasu mutanen tana ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi.

INA CIWO YAKE?

Don mu gane ɗaya hanyar, dole mu koma baya kaɗan. A yaƙin duniya na biyu, wani likitan soja mai suna Henry Beecher ya yi aiki a fagen daga a Italiya, ciki har da gaɓar Anzio a 1944. Ya tambayi sojoji 215 da suka ji munanan raunuka, masu karaya da masu harbi a ƙirji da ciki, ko suna son a ba su maganin kashe raɗaɗi. Kusan kashi uku cikin huɗu suka ce ba sa buƙata. Daga baya da ya duba farar hula da aka yi wa tiyata, sai ya ga mafi yawansu suna neman maganin. Fassarar da ya bayar ita ce, shi sojan da aka ɗauko daga bakin wuta, raunin nan a wurinsa yana nufin ya tsira, za a kai shi gida. Shi kuwa farar hula rauninsa yana nufin masifa ta sauka, aiki ya tsaya, iyali sun shiga wani hali. Ma'anar da mutum ya ba raunin tana shiga cikin yawan zafin da zai ji.

Akwai kuma kishiyar wannan. Wata mujallar likitoci ta Ingila ta ba da labari a 1995 na wani magini ɗan shekara 29 da ya diro a kan ƙusa mai tsawon santimita 15, ta huda takalminsa ta fito ta sama. Aka kawo shi asibiti cikin azaba, ko taɓa ƙusar aka yi sai ihu, sai da aka yi masa allura mai ƙarfi. Da aka cire takalmin sai aka ga ƙusar ta tsakanin yatsu ta bi, ko ƙwarzane babu.

A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin da ya sauya wannan fanni. Suka ce a cikin lakar gadon baya akwai wani abu kamar ƙofa, wanda saƙon da ya taso daga jiki yake bi kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ƙofa tana buɗuwa tana rufuwa. Shi ya sa idan ka bugi gwiwarka kake murza wurin, murzawar tana tura ƙofar. Kuma ita ƙwaƙwalwa tana aiko da nata umarnin daga sama. Tsoro da ɓacin rai da rashin barci da zaman kaɗaici suna wangale ƙofar. Natsuwa da motsi da shagaltuwa da abin da mutum yake so suna tura ta.

Ku ɗauki misalin mai gadin da ɓarayi suka taɓa shigar wa gida suka yi masa duka. Tun daga ranar, ko kyanwa ce ta taka kwano sai ya busa usur ya tashi unguwa. Usur ɗin na gaske ne, kowa ya ji shi, amma ba ɓarawo. Haka jijiyoyin mai ciwo mai naci suke zama a lokuta da yawa, rauni ya warke amma mai gadi bai daina busa ba. Ku lura da kyau 'yan uwa, wannan ba ya nufin mutumin ƙarya yake yi, ko raki ne da shi. Azabar da yake ji ta gaskiya ce ɗari bisa ɗari.

Hoton asibiti ma ba ya faɗin komai da komai. A 2015 an tattara binciken da aka yi a kan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, aka ɗauki hoton gadon bayansu da babbar na'ura. Kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 an ga alamar zaizayewa a guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Ga zaizayewa a hoto, ga mutum yana harkarsa lafiya lau.

JINYAR GYARAN TUNANI DA ƊABI'A

Shi ma wannan fanni da soja ya faro. John Bonica likitan soja ne da ya kula da dubban masu rauni a wani asibitin soja a jihar Washinton daga 1944. Abin da ya gani ya sa ya yarda cewa likita ɗaya ba ya iya wa ciwo mai naci, sai an haɗa hannu. A farkon shekarun 1960 ya kafa asibitin ciwo a jami'ar Washinton da ke Seattle, inda likitan jijiya da na ƙashi da masanin halayyar ɗan Adam suke zama a kan majinyaci ɗaya. A wannan jami'ar ce wani masanin halayya, Wilbert Fordyce, ya fara duba abin da mai ciwo yake aikatawa, wato kwanciyarsa da tashinsa da abin da ya daina yi, ya kuma fitar da littafi a kai a 1976. Daga baya aka haɗa da hanyar gyaran tunani wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960 don masu ciwon damuwa.

A 2012 ma'aikatar tsofaffin sojojin ta fara horar da ma'aikatanta a duk faɗin ƙasar kan wannan jinya. Tsarin zama 12 ne, yawanci sau ɗaya a mako, kowane zama bai cika awa guda ba, kuma kullum da aikin gida. Bari in kawo muku abin da ake koyarwa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, manufa. Ba a tambayar mutum kawai ina ke maka ciwo, ana tambayarsa me ciwon ya ƙwace maka. Idan ya ce ina so in warke, sai a ce wannan ba ya aunuwa, kawo wanda za mu iya ƙirgawa. Sai ya ce ina so nan da wata 2 in iya raka ɗana makaranta da ƙafa, tafiyar minti 20. To wannan ne za a rubuta a takarda a yi aiki a kai.

Na biyu, motsi. Mai ciwo yana tsoron motsi domin yana ganin zai ƙara lalata wurin. Sai ya kwanta. Kwanciya kuma tana sa tsoka ta saki, gaɓoɓi su sandare, nauyi ya ƙaru, ranar da ya motsa sai ciwon ya fi na da, sai ya ce ka gani ko, ya koma ya kwanta. Haka zai yi ta zagaye. Don haka bayan likita ya tabbatar babu haɗari, ana koya masa cewa jin zafi daban, yin lahani daban, a ɗora shi a kan tafiyar ƙafa kullum, a fara da kaɗan.

Na uku, auna aiki da agogo. Wannan soja ya fi kowa buƙatarsa, domin an horar da shi a kan ya cije ya gama aiki ko zai faɗi. Ranar da ya tashi da sauƙi sai ya wanke mota, ya share gida, ya gyara rufi, sannan ya yi kwana 3 a kwance. Abin da ake koya masa shi ne ya auna na 'yan kwanaki, minti nawa yake iya tsayuwa kafin ciwo ya taso. A ce minti 15 ne. To sai ya riƙa tsayuwar minti 10 ya huta minti 5, ko da bai ji komai ba, agogo ne zai tsayar da shi tun ciwo bai tsayar da shi ba. A ranar sauƙi kada ya wuce, a ranar tsanani kada ya fasa. Bayan mako guda ya ƙara minti 1 ko 2. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na huɗu, sassauta jiki. Ciwo yana sa mutum ya ɗaure tsokarsa ba tare da ya sani ba, numfashi ya koma sama-sama, ɗaurewar kuma ta ƙara ciwon. Ana koyar da numfashin ciki, ka ɗora hannu a kan cikinka, ka ja iska ta hanci a hankali har hannun ya ɗaga, ka sake ta a hankali fiye da yadda ka ja. Akwai kuma bin gaɓoɓi ɗaya-ɗaya daga ƙafa zuwa fuska, ka ɗaure na 'yan daƙiƙu ka saki. Sharaɗin shi ne a yi kullum, har a ranar da babu ciwo, domin ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.

Na biyar, komawa ga abin da ke faranta rai. Mai ciwo yakan bar abokai, ya bar sana'ar hannu, ya bar fita, har ya rage daga shi sai ciwon a ɗaki. To hankalin da ba shi da abin kallo sai ciwo, ciwon zai yi ta kallo. Sai a sa shi ya rubuta abubuwan da yake so a da, a sa musu rana da lokaci kamar yadda ake sa wa magani. In ba zai iya yadda yake yi a da ba, a nemo yadda zai iya yanzu.

Na shida, kama tunani. Idan ciwo ya taso akwai maganganun da ke zuwa zuciya da kansu, na gama yawo, wannan ba zai taɓa sauƙi ba, na zama kaya a wuyan iyalina. Bincike ya nuna cewa yawan irin wannan zuzuta musiba yana cikin manyan abubuwan da ke nuna wanda ciwo zai nakasa. Ba a ce wa mutum ya yaudari kansa cewa lafiyarsa ƙalau. Ana sa shi ya rubuta maganar, sannan ya tuhume ta kamar alƙali, ina hujja? Shin gaskiya ne bai taɓa sauƙi ba? Sai ya tuna makon jiya ya taso kuma ya lafa bayan kwana 2. Sai ya musanya da magana ta gaskiya, yau da wuya, amma na taɓa wuce irinta, kuma na san abin da zan yi.

Na bakwai, barci. Daren da ba a yi barci ba, gobensa ciwo ya fi tsanani. Don haka ana tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, a rage barcin rana, a bar shayi da kofi da sigari da yamma, kuma kada shimfiɗa ta zama wurin wuni. A zaman ƙarshe kuma mutum yana rubuta shirin ranar da ciwo zai dawo da ƙarfi, domin zai dawo, kada ranar ta same shi ba shiri ya ce komai ya rushe.

SHIN TANA AIKI?

A nan dole mu yi adalci. A 2020 wata cibiya mai tace binciken likitanci, Cochrane, ta haɗa gwaje-gwaje 75 da suka ƙunshi mutane sama da 9,000. Ta samu cewa wannan jinya tana rage ciwo da nakasa da damuwa, amma ragin a matsakaici ƙarami ne. Wato wani zai amfana sosai, wani kaɗan, wani ba zai ga komai ba. Abin da ta fi ƙwaya da shi shi ne ba ta kama mutum, ba ta tsayar da numfashi, kuma abin da ka koya ya zama naka, ba sai ka koma kemis ba.

Kuma ba a tsaya nan ba. A 2017 an fitar da sakamakon gwajin da aka yi a kan tsofaffin sojoji 125 masu ciwon baya a jihar Connecticut, aka ga koyarwa ta wayar tarho ba ta gaza ta ido da ido ba, abin da ya buɗe ƙofa ga na ƙauye. A 2024 an fitar da sakamakon gwajin wata sabuwar hanya a Los Angeles a kan dattawan sojoji 126, inda ake taimakon mutum ya fuskanci baƙin ciki da fushin da ya binne shekara da shekaru ya furta su. Kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan ciwonsu ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100, a tsohuwar hanyar kuwa kashi 17 ne. Gwaji ɗaya ne, ana buƙatar a maimaita, amma ya nuna abin da mutum ya haɗiye yana iya fitowa a jiki.

Akwai ma abin mamaki. Wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji azaba a ƙafar da babu ita. A 2007 aka fitar da sakamakon gwajin madubi da asibitin soja na Walter Reed ya yi. Mutum zai ajiye madubi tsakanin cinyoyinsa, ya kalli hoton ƙafar mai lafiya yana motsa ta, ƙwaƙwalwa ta ga kamar wadda aka yanke ce ta dawo. Minti 15 a rana, mako 4. Gwajin ƙarami ne, amma duk mutum 6 da suka kammala a rukunin madubi sun ce ciwon ya ragu.

Da waɗannan hanyoyi, da gashin ƙashi, da tsananta ƙa'idar da aka fara a 2013, yawan tsofaffin sojojin da ake ba dangin ofiyom ya sauko daga 679,000 a 2012 zuwa 247,000 a 2020, ragin kashi 64 cikin 100.

GARGAƊI GUDA UKU

Na ɗaya, wanda ya daɗe a kan irin wannan ƙwaya kada ya yanke ta dare ɗaya. Amurkawa sun yi wannan kuskuren ma. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kai a 2019, kuma binciken da aka yi a kan tsofaffin sojoji a 2020 ya nuna haɗarin mutuwa ta hanyar shan fiye da ƙima ko kashe kai ya ƙaru bayan tsayar da maganin, musamman a watannin farko. A hankali ake ragewa, a hannun likita.

Na biyu, ba kowane ciwo ne za a ce mai gadi ne ke busa usur a banza ba. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko bayan faɗuwa mai tsanani, wannan asibiti za a nufa ba jira. Gwaji ne farko.

Na uku, mai ciwon daji da mai sikila idan ta taso masa da wanda aka yi wa tiyata suna buƙatar magani mai ƙarfi, haƙƙinsu ne, kada wani ya ji wannan jawabi ya je ya hana su.

INA RUWANMU?

'Yan uwa, ƙwayar da ta yi wa waɗancan ɓarna 'yar uwarta tana nan a lungunanmu. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha dangin ofiyom ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda, mafi yawa tiramol. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Kuma kun sani, da yawan waɗanda suka faɗa ba da neman maye suka fara ba. Ɗan dako ne da lebura da mai tura baro da ɗan acaɓar da ya taɓa karyewa, baya ya riƙe, ga aiki gobe, aboki ya miƙo guda ɗaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka ina roƙonmu abu uku. Wanda yake da ciwon da ya wuce wata 3, ya je a duba shi, in an tabbatar ba haɗari, ya samu ɗan littafi ya fara rubuta tafiyarsa da barcinsa da mintocin aikinsa tun daga wannan makon. Wanda yake da mai ciwo a gida, uba ne ko wa ko ƙane, ko sojan da ya dawo daga daji da rauni, kada ka ce masa raki yake yi, kada kuma ka ɗauke masa komai har ya zama ba shi da abin yi sai kwanciya. Ka zo bayan la'asar ka ce Yaya taso mu taka zuwa bakin titi mu dawo, gobe ma ka dawo. Wanda kuma ya san abokinsa ya riga ya kamu, ya raka shi asibiti a rage masa a hankali, gori da tonon asiri ba su taɓa raba kowa da ƙwaya ba.

Nan zan tsaya saboda lokaci, sauran sai a wajen tambayoyi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya tsare matasanmu.